Injin Malam Ummaru da Rigunan 'Yan Biyu

Duk abin da zan manta a shekarun da na yi ina malamin wasanni, ban da wata ranar Asabar a fadamar Danchadi. Ku sababbin malamai da aka fara miƙa wa aikin kasafin wasanni, ku saurare ni da kyau, don abin da na yi kuna gab da yin irinsa.

A lokacin ina koyarwa a wata ƙaramar sakandare a yankin Danchadi, ina mataki na tara a albashi. A zango na biyu, wajen watan Fabrairu, aka aiko mana cewa za a yi gasar ƙwallon hannu ta 'yan mata tsakanin makarantun Bodinga da na Shagari, a garin Bodinga. Ga wanda bai san aikin ba, takarda kawai ake aiko maka, ba a haɗo ta da ko kwabo. Malamin wasanni shi zai zauna ya lissafa riga da dogon wando da ɗan hijabi, da takalma, da kuɗin mota, da abincin yini. Ya kai wa shugaban makaranta ya sa hannu, sannan a raba wa iyaye.

Lissafina ya ba ni naira dubu tara kan kowace yarinya, su goma sha huɗu. Amma a takardar iyaye dubu goma sha takwas na rubuta. Kada ku zaro min ido, haka na tarar ana yi. Wanda na gada ya ce da ni rabin iyaye ba za su biya ba, don haka in ninka, masu biya su ɗauke marasa biya. A ƙasan takardar kuma na ƙara jimlar nan da kowane malami ya haddace: “Duk yarinyar da ba a biya mata ba zuwa ranar Alhamis, za a cire sunanta.” Na buga hatimin makaranta. Wallahi ban taɓa cire sunan kowa ba, ban kuma yi niyya ba. Barazana ce kawai don masu hali su daina jan ƙafa, mu malamai duk mun san haka.

A cikin 'yan wasan akwai 'yan biyu, Hassana mai tsaron gida da Husaina mai jifa. Husaina in ta saki ƙwallo, ni kaina kaucewa nake yi. Mahaifinsu Malam Ummaru, dattijo ne manomin albasa, a wurinsa nake saye. Ranar Laraba da safe sai ga shi ofis, ƙafafunsa duk taɓo. Ya kwance wata baƙar leda, ya ƙirga min dubu talatin da shida cif.

“Malam, ga na ɗiyan nan. Sunansu dai shina nan ko?”

Na ce, “Yana nan, Baba.” Har na bi shi da zolaya, na ce ashe manoman albasa su ne attajiran garin, mu muna nan muna jiran ƙarshen wata. Ya yi murmushi ya tafi. A ɗakin malamai ma sai da na yi alfahari da shi, na ce ga manomi ya riga Alhaji mai shago biya. Kai, Allah ya yafe min.

Yara takwas aka biya wa, shida ba a biya musu ba. Duk sha huɗun na saka a mota. Kuɗi ya isa har da rarar dubu goma sha takwas, muka ajiye don walimar malamai ta ƙarshen zango. Muka zo na biyu a gasar. Iyaye da dama sun je kallo, ban ga Malam Ummaru ba, ban kuma tambaya ba.

Asabar da ta biyo baya na hau babur zuwa fadama, in nuna masa hotunan yaransa a wayata, in sayo ganyen albasa. Tun daga nesa injinan ban ruwa na maƙwabtansa sai ruri suke yi, gonarsa kuwa tsit. Da na ƙaraso sai na tarar da shi a bakin tsohuwar rijiya, rana ta take, yana jan guga. Hassana da Husaina na ɗaukar bokitai a ka suna bin fangalin albasa ɗaya bayan ɗaya. Husaina rigar gasar ce a jikinta, mai lamba bakwai, ta jiƙe sharkaf. Albasar da ke nesa da rijiyar duk ta yi rawaya ta kwanta.

Na ce, “Baba, lafiya? Injin ya lalace ne?”

“Lahiya lau shike. Shina wurin dillali.”

“Dillali kuma? Me ya kai shi can?”

Ya ajiye guga, ya dube ni kamar ni ne mai abin mamakin. “To Malam, ba kai ka rubuto ba? Sunka karanta mani, sunka ce in ba a kai ba ranar Alhamis a hidda sunansu. Ga hatimi bisa. Albasa ba ta nuna ba, mi zan saida? Sai na ba da shi jingina, in an cire albasa in karɓo.”

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Na zauna a kan kunyar gona. Kwana goma sha ɗaya ke nan dattijon nan yana shayar da gonar da inji ke shayarwa, da hannunsa. Na ga tafin hannun, duk ya yi bororo ya fashe. Wannan albasar ita ce abincin gidansa na shekara. Kuma rabin kuɗin da ya kawo ma ba nasa ba ne, na 'ya'yan waɗanda suka yi kunnen ƙashi ne, har da 'yar Alhaji mai shago.

Ban iya ɓoye masa ba. Na ce, “Baba, ba a cire sunan kowa. Faɗa kawai muke yi.”

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Can ya ce, “Ashe makaranta na rubuta abin da ba ta nuhi?”

Daga nan gidan shugaban makaranta na zarce, ko sallamar kirki ban yi ba. Na ce, “Yallaɓai, mun kashe wa mutum gona.” Da ya ji bayani sai ya dafe kai, ya ce shekara nawa yana sa hannu a irin takardar nan bai taɓa tunanin wani zai ɗauke ta da gaske ba. Muka fasa walima, muka ɗauko rarar, ni da shi muka cika sauran daga aljihunmu. Dillalin ya so ya ja, don ya riga ya ba da injin haya, sai da mai unguwa ya sa baki. Bayan la'asar na ɗaure injin a bayan babur na kai fadama.

Ruwa ya dawo, amma fangalin da ya ƙone ya ƙone. Wajen kashi ɗaya cikin uku na gonar bai tashi ba.

Malam Ummaru bai ce min komai kan asarar ba. Yana ɗaura wa injin tiyo, bai ko ɗago kai ba, ya ce, “Malam, ni ban samu zuwa ba, ina ga ban ruwa. Ranar nan, ɗiyan sun yi wasa da kyau?”

Na ciro wayar na miƙa masa. Ya goge hannu a jikin riga, ya riƙe ta da yatsu biyu don kada ya ɓata min ita, ya daɗe yana kallo. Ni kuwa na juya baya, don ban so yaran su ga malaminsu yana hawaye.

Tun daga ranar ban ƙara ninka ko naira ɗaya ba. Kasafin wasanni a gaban iyaye nake yin sa, a kan allo, bayan an cire albasa, wanda ba shi da shi ya faɗa min a keɓe. Ku kuma in za ku rubuta wa iyaye takarda, ku tuna wanda ya fi kowa rashi a garin shi ne zai fi kowa gaskata ta. Kada ku buga hatimi a kan maganar da ba ku nufa ba.