Fankon Duro

Har yau ban manta da ranar da fankon duro ya koya mana karatu ba, a wurin aikinmu na fentin kujeru da tebura a nan Zuru. Wata Alhamis ce a tsakiyar bazara, shekarata ta uku ina kula da sito bayan na ajiye alli.

Ga wanda bai san aikin ba, tina ruwa ne da ake tsinka fenti da shi, a duro yake zuwa mana. Ba ruwan ne ke fara kamawa da wuta ba, tururinsa ne. Duron da ke cike muna girmama shi kamar suruki: ɗakinsa daban, a inuwa, ba taba ba ashana. Da ya ƙare kuwa, sai ya zama rabon ma'aikata, bi da bi, daga babba zuwa ƙarami.

A ranar, layi ya zo kan Baba Saje Manu, tsohon soja, mai gadinmu. Matarsa na son duron don zuba dawa, saboda haka sai an yanke samansa. Ya mirgina shi zuwa rumfar Ishaya mai walda, nan bakin ƙofarmu.

Na san ƙa'ida, don na karanta a takardar da ke zuwa da kaya: a buɗe, a wanke, a cika da ruwa kafin wuta ta matso. Na bi shi, na sassauta murya.

"Baba, da an ɗan zuba masa ruwa tukuna."

Ya ƙwanƙwasa duron da sandarsa. "Ka ji? Babu kowa a gida. Malam, shekara ashirin da biyu ina kwana da harsashi. Gwangwani ne zai kore ni?"

Ishaya ya dube ni, yana jira in ƙara magana. Ni kuwa an yi mini tarbiyya, ba a maimaita wa babba zance. Na yi murmushi na koma sito.

Ban kai ga zama ba na ji ƙarar. Saman duron ya tashi ya sauka a kan kwanon maƙwabta. Ishaya na gudu, hannun rigarsa na ci da wuta, hannun dama, wanda yake ciyar da iyali da shi.

Na fito rungume da tukunyar kashe gobara, na tsaya ina karanta yadda ake buɗe ta. Kafin in gama layi na biyu Baba Saje ya taɗe Ishaya, ya mirgina shi a ƙasa, ya danne wutar da tsohuwar kwat ɗinsa.

Sai likitoci suka hallara. Mai shayi ya kawo ɗanyen ƙwai. Mai abinci ta zo da manja. Wani ya ce man goge baki, wani ya ce gishiri.

"Suya za ku yi?" in ji Baba Saje. "Wanda ya shafa masa wani abu, ni da shi ne. Ruwa kawai. Malam, ajiye wannan jaririn ka duba agogo. Minti ashirin."

Muka tare mai kurar ruwa, jarka bayan jarka ana kwarara wa hannun. Saje ya zare masa zobe kafin kumburi, ya hana a ja rigar inda ta manne da fata, sai dai a yanke kewayenta. Ishaya na cewa, "Ya isa, Baba," shi kuma yana cewa, "Malam bai ce ya cika ba." Duba agogo shi ne aikina a ranar, kuma na yi shi babu kuskure.

Muka lulluɓe hannun da tsabtataccen ƙyalle muka kai shi asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta tambayi abin da aka shafa. Da muka ce ba komai, sai ta dube mu kamar baƙi daga wata ƙasa.

Damina ta faɗi Ishaya na jinya. Baba Saje ne ya yi masa noman fari, ba wanda ya sa shi, bai kuma taɓa ɗaga zancen ba. Bayan wata biyu Ishaya ya koma rumfa, yatsunsa na lanƙwasuwa. Ogan wurin aikinmu kuma ya ɗauki mataki: ya sa aka ƙara allon gargaɗi a ƙofar ɗakin durorin da ke cike.

Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, abin da na koya shi ne mu abin da ke da daraja muke tsoro, alhali wuta ba ta san daraja ba. Gargaɗin da aka faɗa sau ɗaya cikin ladabi kuma gaisuwa ce kawai. Yanzu in dattijo ya zo karɓar duronsa ba a wanke ba, nakan durƙusa har ƙasa in gaishe shi, in tambayi iyali, sannan in hana shi.