Kwanon da Mama ta Wanke

Ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka a Takoma Park ta Amurka, a shekarar da muka zo daga Jos ina 'yar aji huɗu, na manta makullina a makaranta. Mama ma'aikaciyar jinya ce, sai magariba take dawowa. Ina zaune a matakala sanyi yana cin yatsuna, sai maƙwabciyarmu, wata tsohuwa 'yar Japan, ta yafito ni. Tun daga ranar ɗakinta ya zama mafakata, don ba ni da ƙawa ko ɗaya. 'Yan ajinmu dariyar Turancina suke yi.

Kaka nake kiranta. Kwanukan shan shayi take ginawa da yumɓu, da yatsu kawai, tana matsawa tana juyawa kamar yadda mata suke ginin tukwane a ƙauyenmu. Sai dai nata duk a karkace suke. Takan dama mini koren shayi mai kumfa da ɗaci a wani kwano ruwan toka, cikinsa duk ƙananan tsagu da shayi ya rine. A can ƙauyenmu da kaji za a ajiye wa shi. Amma in na tallabe shi da hannu biyu, sai yatsuna su faɗa daidai inda nata suka lotsa, ɗuminsa ya ratsa ni.

Wata rana ta zubo mini alewa a ciki in kai gida. Mama ta jujjuya shi ta ce, "Baiwar Allah, tsufa ya hana ta wanke-wanke. Ai ba a mayar da kwanon mutane da dauɗa." Ta jiƙa shi a ruwan bilic, ta dirje da soson ƙarfe har ya yi fes, ta cika shi da gyaɗa.

Da na mayar da shi, Kaka ta daɗe tana kallon cikinsa. "Shayin marigayi mijina ne aka wanke," ta ce a hankali. Na ɗauka ƙofar nan ta rufe mini ke nan. Sai ta juye gyaɗar, ta miƙo mini kwanon. "Naki ne yanzu. Ki fara naki."

Kafin zafi ya shigo 'yarta ta zo ta tafi da ita, na koma zaman matakala. Yau na girma, ina zaune a garin Germantown ni kaɗai, kullum da safe a kwanon nake shan shayi. Tsagun sun sake yin duhu, kuma sun yi kyau ƙwarai. Wadda zan nuna wa ce babu.