Ɗanki Ya Faɗi

Har yau idan bakwai ga Zulhajji ta zagayo sai na tuna da tsohuwar nan ta tsibiran Ƙamar, waɗanda yanzu kuke ce wa Komoro. Farkon shekarun sittin ne, ina aiki a gidan wani muɗawwifi, wato mai saukar da alhazai ya yi musu jagora har su gama. Ni ɓangaren mata aka ba ni: shayi, ruwan alwala, da kai saƙo tsakaninsu da ofis. Karatu ban yi ba, amma kalma in ta shiga kunnena ba ta fita.

Tsohuwar, Hajiya Mwana muke ce mata, Larabcinta bai fi cikin cokali ba, nawa ma na kasuwa ne. Da haka muke hira. A lokacin ƙasarsu tana hannun Faransa, amma an bar musu majalisarsu, kuma ɗanta ɗaya tilo ya tsaya neman kujera. Ta baro shi yana yawon neman jama'a a kwale-kwale, ita kuwa ta hau jirgin ruwa zuwa Jidda ba a yi zaɓen ba.

Ranar da hantsi, ana ɗaure kayan tafiya Mina, Malam Idrisu magatakarda ya kira ni bakin labule. Asalinsa ɗan Kano ne, amma a nan ƙasa mai tsarki aka haife shi. Wayar tangaraho na hannunsa.

"Yaya Hauwa, saƙon Hajiyarki ne. Ki ce mata ɗanta ya faɗi."

Na tafi ina juya maganar zuwa Larabci. Na durƙusa gabanta na ce, "Waladik ɗah," wato ɗanki ya faɗi. A wajena na gama aiki. Mu ai haka muke cewa, wane ya ci, wane ya faɗi.

Ba ta yi kuka ba. Kofin shayin ta ajiye a hankali, ta kwance ƙullin kayanta, ta juya fuska bango. Aka zo ɗaukar kaya ta ce ba ta zuwa ko'ina. Mu kuwa gobe Mina, jibi Arfa, wanda ya rasa Arfa kuma ba shi da hajji. Na ce a raina, kujera ce har da wannan?

Na zauna ina yi mata fifita, sai na ji tana maimaita wata kalma ƙasa-ƙasa: bahari, bahari. Teku ke nan. Ashe a teku na jefa mata ɗa!

Na kama hannunta na ce, "La, la! Ba bahar ba!" Kalmar zaɓe da Larabci ta ɓace mini ƙaf. Hausa ce ta kuɓuce: "Ƙuri'a, Hajiya! A ƙuri'a ya faɗi!"

Ta juyo. "Kura?"

Na ce, "Wace kura kuma, ana fama da teku?"

Ashe su haka suke kiran ƙuri'a. Ta riƙe kafaɗuna tana girgiza ni. "Hayy? Hayy?" Wato yana raye? Na ja ta har bakin labule, Malam Idrisu ya karanta mata wayar tun daga farko, har ya nuna mata sunan ɗan a ƙasa, shi da kansa ya bugo. Sai a lokacin kukan ya zo, da dariya a ciki. Ta ɗaka mini duka a baya, mai zafi kuwa, ta koma ta ɗaure kayanta da kanta.

Malam Idrisu ya ce, "Yaya Hauwa, ni da ke duk mun cancanci wannan dukan. Ke kaɗai kika karɓa."

Ku da kuke aikin yanzu, ga wayoyi a aljihu, za ku ce wannan ba zai same ku ba. Amma alhaji mutum ne da ya baro kowa nasa a bayan ruwa, kuma abu guda yake jira ya ji, ko bai tambaya ba. Tun ranar, kowane irin saƙo aka ba ni, na ci ne ko na faɗuwa, sai na fara da cewa, "Lafiyarsa ƙalau." Sannan in faɗi sauran.