Mai Filasta a Idon Kwamfuta

Mutumin da ke gefena a ɗakin jiran jirgin ƙasa zai kai hamsin, rigarsa ta sha guga, takalminsa ya sha hanya. A cinyarsa akwai kwamfuta siririya kamar littafin rubutu, ya liƙe kyamararta da filastar ciwo. Yana dannawa da yatsa biyu, kafaɗa a karkace, kamar ɗalibin da ke ɓoye amsa a jarrabawa.

Wayarsa ta yi ƙara. "A'a, ƙanena, sirantar kwamfutar ta isa haka," in ji shi ƙasa-ƙasa. "In kamfanin za su ƙera sabuwa, su yi wa kyamarar murfi. Su sa gilashin da mai ita kaɗai zai iya karantawa. Batirin kuma in iya cire shi da hannuna, in tabbata ba ta jina."

Me yake rubutawa haka? Ƙarar maigidansa? Wasiyya? Ni dai na san mara gaskiya ko a ruwa gumi yake.

Na ɗan miƙa wuya. Ko kallona bai yi ba, ya rufe kwamfutar a hankali.

"Ka ji abin da nake faɗa maka?" ya ce wa ƙanen. "Ga wani mai leƙe nan a gefena."