Sarauniyar da na bayar da hannuna

Har yau idan na ji an buga katako a kan katako, ƙwas, sai raina ya ɓaci. Haka nake dire doki a kan allon ces, darar Turawa, ina yaro, don kowa ya san na iya.

A Kebbe na tashi, wajen kakana. Da rani, in an gama aikin gona, dattawa sukan haƙa gurabun dara a ƙarƙashin tsamiya, ni kuma ina gefen kakana ina koyo. A wurin nan tunani abin kunya ne. Ka ɗan yi jim, sai wani tsoho ya ce, “Mi kaka jira? Hatsi kaka shukawa?” A kwashe da dariya. Ni kuwa na ɗauka saurin hannu shi ne iyawa.

Da aka mai da ni makaranta Tambuwal, gidan kawuna na zauna. Malami ne, shi ya koya mana ces, ni da ɗansa, taubashina. Na fi taubashin nan kai nesa ba kusa ba, kowa ya sani. Shi sai ya zura wa allo ido kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, ni har hamma nake masa. Kawu ya sha gaya min in zauna a kan hannuwana, kada in taɓa komai sai na duba abin da abokin wasa yake shirin ci min. Ban ji ba.

Ana nan sai aka ce za a yi gasar ɗalibai a Sakkwato, yaro ɗaya kawu zai kai. Ban taɓa ganin Sakkwato ba. Ya ce mu buga, wanda ya ci shi ne mai tafiya.

Na danne taubashina sosai, saura ƙiris. Sai na hango sojansa ɗaya ba mai tsaro. Ban ko numfasa ba na ɗau sarauniyata na cinye shi, na dire ta da ƙarfi. Ina ɗauke hannu na ga dokinsa. Tun ɗazu yana nan, a gaban idona.

Na roƙi kawu in mayar. Ya ce, “Ka taɓa, ka aje. Ba a maidawa.”

Dokin nan ya cinye sarauniyata, wasan ya kuɓuce min. Taubashina ya tafi Sakkwato a bayan babur ɗin kawu, ni ina share tsakar gida.

Da hutu na kai wa kakana ƙara, ina kuka. Tambaya ɗaya ya yi min, ko na ɓata wa mutane lokaci. Na ce a'a. Ya shafa kaina, wai na yi abin kai. Allah ya jiƙansa, amma har yau ina jin haushin shafar nan.

Yanzu 'yata a waya take buga ces. In ta yi ɓarna sai ta danna wani wuri, a dawo mata da sarauniyarta, ta ci gaba tana dariya. Jiya na karɓe wayar na hana ta dannawa. Ta yi kuka, uwarta ta ce na cika mugunta, ni kuma ban ba yarinyar haƙuri ba.