Ranar da Mai Agogo Ya Jefi Tattabarunsa

Shekara talatin da ɗoriya mai agogo ya yi a shago ɗaya, tsakanin tela da mai faci, har idonsa na hagu ya ƙanƙance saboda maƙala gilashin gyara. Da mutane suka koma duba lokaci a waya, kasuwa ta mutu, sai ya mai da gilashin kan tattabarun da yake kiwo a bayan gida.

Yakan kama tattabara ya buɗe fiffikenta a rana, ya duƙufa har wuyansa ya ƙage. A wurinsa, abin da mutane ke haɗawa su kira ƙwarƙwata kashi uku ne. Akwai ta gaske, mai ƙafa shida, da ta ga haske sai gudu. Akwai mitsitsiya mai ƙafa takwas da ke jeruwa cikin gashi kamar ƙura, maiƙo kawai take lasa. Ta ukun kuwa sai an tsaga gindin gashin da reza ake ganinta, doguwa fara, tana ciki tana tsotso. Ya kuma ce kowane tsuntsu da nasa, na tattabara ba ya zama a jikin kaza. Matarsa takan ce da ya san jikokinsa yadda ya san ƙafafun ƙwari, da an huta.

Ƙanin matar nan kaji yake kiwo, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Wata shekara kajin suka shiga tsigar juna har jini, ƙwai ya ƙafe. Shi kuwa ya ɗora laifin kan tattabarun da ke sauka a kwanon ɗakin kajinsa, wai su suka kawo musu ƙwarƙwata. Wata safiya, bayan an saki tattabaru sun tashi sama, ya shigo da guntun bututun ƙarfe da buhu.

Mai agogo ya roƙe shi ya kawo gashin kaza ɗaya tak, su duba tare. Mai kaji ya fizge gilashin ya taka. Ya zura hannu cikin akurki ya jawo tattabaru biyu da ke kwance kan ƙwai, ya murɗe wuyansu, ya jefa a buhu suna shure-shure. Da yayarsa ta riƙe masa riga, ya hankaɗe ta ta faɗa kan randa.

"Mijin Yaya, kira sauran su sauko."

Da fito mai agogo ke kiran tattabarunsa. Ya rufe baki gam. Ƙarfen ya same shi a haƙarƙari, ya durƙusa. Mai kaji ya ce ya yi fito, ya girgiza kai. Naushi ya fasa masa leɓe, haƙori ɗaya ya faɗo cikin kwanon ruwan tsuntsaye, ruwan ya yi ja.

"To, yanzu ko na so, da wane baki zan yi?" in ji tsohon.

Sai mai kaji ya hango gwangwanin hatsi a kan taga. Ya ɗauka ya kaɗa. Tattabara ba ruwanta da hannun da ke kaɗawa, ƙarar ta sani. Garken ya karyo, ya kewaya gidan sau ɗaya, na gaba suka fara dira a katanga.

Mai agogo ya rarrafa ya damƙi ɓaraguzan bulo. Mutumin da bai taɓa ɗaga wa tsuntsu murya ba ya shiga jifan tattabarunsa don kada su sauka, jini na zuba a gaban rigarsa. Jifa na huɗu ya sami wata fara mai zobe a wuya, wadda da bakinsa ya ciyar da ita tana 'yar shila. Ta faɗo tsakar gida, fiffike ɗaya na kaɗawa. Sauran suka watse, suka yi sama har suka zama ɗigo. Maƙwabta suka diro ta katanga suka danne mai kaji, suka ƙwace ƙarfen.

Haƙarƙari biyu ne suka karye. Da ya samu ya miƙe, ya yi sati yana kaɗa gwangwani safe da yamma. Tattabarun sukan zo su kewaya sama da gidan, su dube shi, su wuce. Ko ɗaya ba ta sake sauka ba.