Ruwan da Ya Rabu a Gindin Suri

Shekarar da na samu gurbin ƙaro karatu a kan sararin samaniya, wata maƙwabciyarmu a Bebeji ta shigo gidanmu da ƙwaryar gero, wai in duba mata ranar da ta fi dacewa ta tare a sabon gidanta. Ni! Shekara huɗu ina fama da lissafi a jami'a, ashe a unguwa bokanya ake ɗaukata. Zancen ya kai kunnen Baba, ya ce ba inda za ni, ba zai sa wa duba albarka ba. Ni kuwa ba zan tafi ba da yardarsa ba, ga shi saura mako biyu gurbin ya wuce ni.

Na yi kuka, na yi fushi, da na gaji na bi shi gona da safe. Rani ne, yana ban-ruwan tumatir. A tsakiyar gonar akwai wani tsohon suri. In ruwa ya iso gindinsa sai ya rabu biyu ya zagaye shi, ɓangare ɗaya ya riga ɗaya shiga fangalin tumatir.

Na ce, "Baba, me ya sa na hagu yake riga na dama?"

"Ke dai da tambaya. Hanyarsa ta fi gajarta mana."

"In ba ku ga hanyar ba fa, tazarar isowarsu kawai kuka gani?"

"Zan gane tsawonta. Yau na fara?"

Na ce to aikina ke nan. Haske yana tasowa daga wuri mai nisan gaske, ya tarar da tarin taurari a hanya, nauyinsu ya lanƙwasa shi ya rabu biyu. In hasken ya ƙaru can inda ya taso, sai mu gani ta hanya ɗaya, bayan kwanaki mu gani ta ɗayar. Da wannan tazarar muke gane tsawon tafiyar, da shi kuma muke auna saurin da sama take faɗaɗa. Ba ruwanmu da goben kowa.

Ya daɗe yana kallon ruwan. Ya sa fartanya ya toshe na hagu da laka, ya buɗe, ya sake kallo.

"Wato awo ne."

"Awo ne, Baba."

"To me ya hana ki faɗa tun farko? Kin tsaya kina ta kumbure-kumbure."

Wallahi daɗi kamar ya kashe ni. Ya ɗauraye hannunsa a ruwan, ya ɗora mini a ka da lemarsa.

"Je ki, Allah ya yi miki albarka. In kin auno, ni za ki fara faɗa wa."